Na yi alaimen (saitin tayoyi) sau biyu amma Marsandi 230E ɗina na janye ni dama, ina matsalar take?

Mai_230E ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana tsofaffin motoci ku taimaka min da shawara don abin nan ya fara isata. Ina da Marsandi 230E 'yar 1982, jerin W123 ɗin nan, motar mahaifina ce ta yi kusan shekara shida a ajiye ba mai taɓa ta, bara na tada ita, inji lafiya lau giya lafiya lau, duk rigimar a ƙafar gaba take. In ina tafiya a miƙaƙƙen titi na ɗan sassauta hannu sai ta kama hanyar dama, ba a hankali ba fa, kafin ka ce kwabo ta bar layinta. In na kai 80 zuwa 90 kuma sai ta riƙa yawo, in gyara nan ta tafi can, hannu baya hutawa sam, tafiyar awa ɗaya sai in ji kafaɗuna sun riƙe.

Na kai ta alaimen a wajen masu kwamfuta, aka ɗora aka ɗaura abubuwan nan a tayoyi, allon ya nuna kore aka ce shi kenan. Kwana uku ta koma gidan jiya. Na sake kaiwa wani wajen daban, shi kuma wannan ya ce sitiyarin ne ya yi sako-sako, ya kama wani noti a saman akwatin sitiyari ya ɗaure, to daga ranar wasan ya ragu gaskiya amma sai aka samu sabuwar cuta, in na sha kwana sitiyarin baya dawowa tsakiya da kansa sai na mayar da shi da hannu. Tayoyin gaba kuma duka biyun suna cinyewa ta ciki, ta waje kamar sabbi. Akwai kuma wata ƙara "ƙum" da nake ji ta ɓangaren dama in na taka birki a hankali ko in ina ribas na tsaya. Wani ya ce min wai cesis ɗin ne ya karkace in haƙura kawai, amma motar nan a sanina bata taɓa karo ba. Me zan fara dubawa?

TsohonBakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka sake ba kowa motar nan ya yi mata alaimen tukuna. Alaimen saiti ne, ba gyara ba ne, in ƙarafan da ake saitawa suna rawa a mazauninsu to ɗiban ruwa da kwando kake yi, a tsaye kwamfuta za ta nuna kore, kana hawa kwalta komai ya koma inda ya ga dama. Motar da ta haura shekara 40, ta kuma yi shida a zaune, robobinta sun gama bushewa, ko ban gani ba na san wannan.

Ka samu mutum ɗaya ya taya ka. Motar na ƙasa kan tayoyinta, inji a kashe, shi ya zauna ciki yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan kaɗan da sauri, kai kuma ka kwanta da tocila ka bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Ita wannan motar ba irin sitiyarin motocin yanzu gare ta ba mai doguwar sanda mai haƙora, akwati ne da ita, daga akwatin wani hannu ya sauko, ya kama doguwar sandar tsakiya, sandar ta tafi ɗaya ɓangaren ta kama wani hannun da ake ce wa aidila am wanda shi aikinsa riƙe ƙarshen sandar ne kawai, sannan tayirod biyu, wato gajerun sandunan da ke juya tayoyi, su tafi tayoyi. Ka ga gaɓoɓi sun yi yawa, kowacce ta ba da wasa kaɗan in ka tara sai ya zama babba. Ka ɗora tafin hannunka kan kowace gaɓa, hannu ya fi ido ji. Musamman aidila am ɗin, in ka ga yana ɗagawa sama da ƙasa maimakon ya juya gefe kawai to bushin ɗinsa, wato zoben da yake juyawa a ciki, ya mutu, kuma shi kaɗai ya isa ya sa mota yawo ya cinye maka taya ta ciki. Ka leƙa inda aka ɗaure akwatin sitiyarin da jikin cesis ma, kusoshi uku ne, a waɗannan motocin wajen yakan tsage ko kusoshin su saki, in akwatin da kansa yana motsi za ka gani.

Bayan nan ka ɗaga gaban. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa ka ce wa yaron ya taka birki ka sake girgizawa, in wasan ya ɓace boris ne, wato abin da wili ke juyawa a kansa, in yana nan to boljoyin ne, wato gaɓar ƙafa mai ƙwallon ƙarfe, ko bushin. Amma boljoyin na ƙasa baya nuna kansa in tayar na lilo, saboda sifirin ɗin a kan lowa am, wato hannun ƙasa da ke riƙe da taya, yake zaune yana danne shi, sai ka sa jak a ƙarƙashin lowa am ɗin ka ɗauke masa nauyi sannan ka zura ƙarfe ƙarƙashin taya ka ɗaga. Wannan kar ka yi wasa da shi, in ya fita kana gudu tayar kwanciya take yi.

Ƙarar da ka ce kana ji in ka taka birki, ni a nan hankalina ya fi tsayawa. Akwai wata sanda da ta taso daga lowa am ta yi baya ta shiga wani mazauni mai roba a ƙarƙashin bodi, bayan tayar. Ita ke hana ƙafar tafiya baya in an taka birki, kuma ta wajenta ake saita kasta, wato kwanciyar ƙafar gaba da ke sa mota ta riƙe hanya, a motar nan. In mazaunin ya mutu tayar sai ta ja baya, kastan ɓangaren ya ragu, mota kuwa kullum ɓangaren da kastansa ya fi ƙanƙanta take bi. Ka tsayar da ita a waje mai daidai, sitiyari a miƙe, ka sa yatsunka tsakanin bayan taya da bakin bodi, hagu da dama, ka faɗa min yatsu nawa ke shiga kowanne.

dan_gareji99 ya rubuta:

oga kafin ka shiga karkashin mota ka wahala kayi abu mai sauki tukun, ka duba iska da geji da safe taya na sanyi, adadin yana rubuce a cikin murfin tankin mai, sannan ka cire tayar gaba ta dama ka maida hagu ta hagu ka maida dama ka fita da ita, in ta koma janyeka hagu ko ta daina to tayace ba alaimen ba. kuma tayoyin nan na yaushe ne?? duba gefensu wajen da aka rubuta DOT akwai lamba hudu a karshe, biyun farko sati biyun karshe shekara, misali 2317 sati na 23 a 2017 kenan, in lamba uku ka gani to tun kafin 2000 akayi ta ka jefar kawai. taya ta zauna shekara shida waje daya wlh wayar cikinta ma tana iya karkacewa. sannan in ka dawo daga tafiya ka kai hannu kusa da wili na dama kaji ko yafi na hagu zafi, kalifa wato abin da ke matse birki na kamawa ko tiyon birki ya toshe ta ciki shima haka yake janye mota

Injiniya_Sifana ya rubuta:

Abin da Baba TsohonBakanike ya faɗa daidai ne, ni ƙari zan yi ta ɓangaren lissafi, don na lura masu alaimen da yawa abu ɗaya suke taɓawa su sallame ka.

Kusurwa uku ce a ƙafar gaba. Kamba shi ne jinginar taya in ka tsaya a gaban mota kana kallonta, in saman ya shige ciki ƙasan ya buɗe kamar mai gwame to ciki za ta ci, in saman ya fito waje ta ci waje, kuma mota tana bin ɓangaren da samansa ya fi fitowa waje. Kasta shi ne kwanciyar layin da taya ke juyawa a kansa in ka kalla daga gefe, kamar yadda ƙafar gaban keke ta kwanta baya, shi ke sa mota ta riƙe hanya kuma sitiyari ya dawo da kansa, baya cin taya sosai amma yana janyewa in hagu da dama suka bambanta. Sai to-in, wato gaban tayoyin biyu ya ɗan fi bayansu matsewa. Wannan na ukun shi ne mai saurin kashe taya, amma shi ba kasafai yake janye mota gefe ba, karkatar da sitiyari yake yi, shi ya sa mutum zai yi ta murɗa tayirod har gobe motar bata daina tafiya dama ba.

Alhamdu lillahi W123 duka ukun ana saita su, ba kamar wasu motocin da to-in kaɗai ake iya taɓawa ba. Kamba da kusa mai karkataccen kai da ke gindin lowa am, kasta da sandar da Baba ya ambata, to-in da tayirod. Kamba kusan sifili ake so, kasta babba ne, tsakanin digiri 8 da 9, to-in kuma wajen milimita 3 a jimlace. Kuma a jere ake yi, kamba da kasta tukuna saboda taɓa ɗaya yana motsa ɗayan, to-in a ƙarshe.

Ga inda ake yawan kuskure. Ita Mercedes ta ce a auna to-in ɗin ne da wata sanda mai sifirin da ake tokarawa tsakanin gaban tayoyin biyu tana tura su waje. Dalili, motar da baya take ja, in tana tafiya hanya ce ke tura tayoyin gaba su buɗe, to sandar tana kwaikwayon wannan turin ne ta cinye ɗan wasan gaɓoɓin kafin a karanta. In ba a sa ta ba sai a ga lamba mai kyau a tsaye, a kan hanya kuma tayoyin su buɗe, ciki ya cinye, daidai abin da ka gani. Shafa tafin hannunka a kan zanen tayar daga ciki zuwa waje ka dawo, in ta wani gefen santsi ta wani gefen kaifi kamar haƙoran zarto, to wannan aikin to-in ne. In cin sumul ne ba kaifi, kamba ka fi zargi, ko sifirin ya gaji mota ta zauna.

Na biyu, tsakiyar sitiyari ba a gane ta da kallon kan sitiyarin, don ana iya cire shi a mayar a karkace tun shekaru 20 da suka wuce ba ka sani ba. A jikin akwatin akwai wani toshi da ake cirewa a ɗaura kusa mai tsini ta kulle shi a ainihin tsakiyarsa, sannan a saita tayirod hagu da dama, kuma tsawonsu ya zo kusan ɗaya.

Maganar cesis ya karkace kuwa, ka bar ta a ƙarshen layi. Ba na cewa ba ya faruwa.

MaiBeetle66 ya rubuta:

Ni dai a ganina ka ƙara ɗaure akwatin nan kaɗan, tawa Beetle ce 'yar 1966, shekarar da suka bar kinfin, wato kusar da taya ke juyawa a kanta, suka koma boljoyin, ta yi min irin wannan yawon, na ɗan shigar da sukurun akwatin ciki na canza ƙaramin shokozoban sitiyari na sa mata shim na kasta, wato ɗan ƙarfen tokara, a bayan bim na ƙasa, bututun da ke riƙe da ƙafar gaba, tun daga nan ko da yatsa biyu ina tuƙa ta.

TsohonBakanike ya rubuta:

A'a malam, kar ka sa shi ya yi gyaran gangar auzinawa. Motarka daban tasa daban, tasa bata da bim bare shim. Kuma shi ai ɗaurewar ce ma ta jawo masa rashin dawowar sitiyari, ka koma ka karanta, kafin a taɓa notin yana dawowa. Akwatin sitiyari a tsakiya yake cinyewa saboda nan ake wuni ana tuƙi, gefe da gefe yana nan da ƙarfensa, to in ka matse har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya sai ya riƙa cijewa in an juya. Sannan na Marsandin nan a juye yake, fito da sukurun waje shi ne matsewa, shigar da shi ciki sassautawa, mutane da yawa sun ɓata akwati a kan wannan. Wasan da bai wuce milimita 25 a bakin sitiyari ba kamfanin ma ya yarda da shi. Shokozoban sitiyarin da ka ce, wannan na yarda, tasa ma tana da shi, in ya zubar da mai a canza, sai dai shi girgiza yake shanyewa ba ya hana mota janyewa.

Mai_230E ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri, yau na wuni a ƙarƙashinta ni da ƙanina. Na fara da na dan_gareji, iska ta dama ta gaza ta hagu kaɗan na daidaita, lambar tayoyin 2014 ce ashe, kunya ma ta kama ni. Da na musanya su janyewar ta ragu kamar da rabi amma har yanzu dama take zuwa, ke nan tayar na da nata laifin amma ba ita kaɗai ba ce. Wili ba zafi duka biyun.

Baba maganarka ta fito. Aidila am ɗin nan yana sama yana ƙasa, da hannu ma ina ɗaga shi, ban san yadda mutum biyu suka yi alaimen basu gani ba. Tayirod na dama na waje robarsa ta yage ba giris ko ɗigo. Gwajin yatsu kuma hagu huɗu suna shiga a sake, dama uku da ƙyar, na sa ƙarfe na tura sandar nan da ke bayan tayar gaba sai ga ta tana shiga tana fita a mazauninta, ƙarar da nake ji ke nan sak. Wajen kusoshin akwati ba tsaga alhamdu lillahi. Boljoyin ban ji wasa ba amma robar na hagu ta tsattsage. Tambayata yanzu, in canza na dama kawai ko duka biyun? Kuma tunda zan buɗe ina tunanin in cire lowa am ɗin gaba ɗaya in sa sabbin bushin da kaina, ina da abin matse sifirin irin mai ƙugiya biyu na waje.

TsohonBakanike ya rubuta:

Duka biyun za ka canza, tare aka haife su tare suka tsufa, in ka sa sabo a dama ka bar tsoho a hagu wata uku za ka dawo kana cewa tana janye ka hagu. Boljoyin mai tsagaggiyar roba ma ƙasa ta riga ta shiga, kwanansa ƙirgagge ne.

Amma ɗana ka ji ni da kyau, wannan mai ƙugiyar ka mayar da shi inda ka ɗauko. Sifirin ɗin gaban motar nan dogo ne, a matse yake da ƙarfin gaske kuma a ɗan lanƙwashe yake zaune, ƙugiya zamewa take yi. Akwai nasa na musamman mai faranti biyu da sanda da ke shiga ta tsakiyar sifirin ɗin, in ba ka da shi ka kai wa mai shi ya yi maka wannan ɓangaren, sauran ka yi da kanka ba laifi. Kafin ka kwance sandar baya ka ƙirga zaren da ya fito ka rubuta, haka tayirod ka auna tsawonsa daga gaɓa zuwa gaɓa, ka tuna kai ɗaya zarensa na hagu ne kar ka yi ta ɗaurewa kana zaton kwancewa kake. Kusoshin da suka ratsa bushin kuma kar ka yi musu ɗaurin ƙarshe mota na sama, sai ka sauke ta ta zauna kan tayoyinta ka tura ta gaba da baya, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, shekara bata yi ta yage.

Injiniya_Sifana ya rubuta:

In ka gama, don kar ka ci sabbin tayoyi a hanyar zuwa wajen alaimen, yi na zare a gida. Zare biyu, ɗaya kowane gefe, a tsayin tsakiyar wili, daga gaban mota har bayanta. Kar ka jingina zaren da tayoyi ka ɗauka ya miƙe, faɗin ƙafar gaba milimita 1488 ne, na baya 1446, ke nan baya ya fi shigewa ciki da 21 kowane gefe, sai ka tabbatar tazarar zaren biyu ɗaya ce a gaba da baya. Ka auna daga zare zuwa bakin wili ta gaba da ta baya, na gaban ya fi na bayan nisa da kamar milimita ɗaya da rabi kowace taya. Tsohon wili yakan ɗan lotse, to ka yi alama da alli ka gangara motar gaba rabin juyi ka sake aunawa ka haɗa awon biyu ka raba biyu. Gaba za ka tura ta kafin awo, ba baya ba. A wajen alaimen kuma ka ce a ba ka takardar kafin da bayan, ka kalli bambancin kastan hagu da dama, kar ya wuce rabin digiri.

Mai_230E ya rubuta:

Salam, na dawo da labari bayan sati uku. An canza mazaunin sandar baya guda biyu, bushin ɗin aidila am, tayirod duka, boljoyin na ƙasa biyu, na sa sabbin tayoyi, sifirin kuma na bi maganar Baba na kai wa mai kayan aikin, da na ga tsawonsa bayan an sake shi sai da na yi shiru. Sukurun akwatin mun mayar da shi ciki kaɗan kaɗan muna gwadawa har sitiyari ya fara dawowa, wasa ya ɗan dawo amma bai kai yatsa biyu ba. Mai alaimen ɗin bashi da sandar tokarawar, sai muka sa ƙanina ya zauna a rami yana tura gaban tayoyin waje da hannu biyu ana karantawa, yana ta mita. Janyewa ta tafi, ƙarar ta tafi, na kai 100 hannu ɗaya.

Saura abu ɗaya, takardar ta nuna ƙafar baya ta hagu ta fi ta dama gwamewa kuma layin bayan ya ɗan kauce, mutumin ya ce baya ba wajen saiti a motar nan. Na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi, hagu ta fi dama zama da kusan santimita 2. Sifirin ne ko robobin da suka riƙe gadon baya, wato ƙarfen da ƙafafun baya ke ɗaure a kansa?

TsohonBakanike ya rubuta:

Gaskiya ya faɗa, baya ba saiti, tsayin mota ne ke ba shi kamba. Fara leƙa manyan robobin gadon guda biyu da ke gaban tayoyin baya, in na hagu ya zauna ƙarfe ya kusa taɓa ƙarfe to shi ne. In suna nan lafiya ka kai hannu saman sifirin ka ƙirga 'yan ƙulla-ƙullan da ke bakin robar da yake zaune a ciki, su ke nuna kaurinta, ka ga ko hagu da dama ɗaya ne, ka kuma duba zoben ƙarshe na ƙasa ko ya karye, tsatsa a nan take cinsa. Ɗauko hoto ka sa mana mu gani.